Shawara: Yara 84 a ajina, da an fita tara rabinsu ba sa dawowa

Assalamu alaikum. Ni malama ce, ban daɗe da gama NCE (karatun shaidar malanta) ba aka tura ni makarantar firamare a wani ƙaramin garin manoma a Jihar Jigawa, aka ba ni aji ɗaya. A rajista yara 84 ne, masu zuwa kullum ba sa wuce 60, kuma da an fita tara sai rabinsu su kama hanyar gida. Ranar kasuwa kuwa sai dai a yi shiru. Littafin karatu kwafi uku ne, babu benci, allon ma ya koɗe. Wasu har da ƙannensu 'yan shekara uku suke zuwa. Ihu nake yi har muryata ta dishe, wani lokaci in ɗauki bulala, in koma gida raina a ɓace. Da na gwada yi musu waƙa da wasa, sai wani uba ya je ya ce wa hedimasta shi ba wasa ya turo ɗansa ba. Zango guda ya wuce, suna rera A B C D har ƙarshe, amma in na nuna harafi ɗaya babu mai gane shi. In nemi canjin makaranta ne, ko da abin da zan iya yi?

Malama, daga Jigawa

Wa alaikumus salam, Malama. Sannu da fama. Kayan da ke kanki sun fi na mutum ɗaya: Tsarin Ilimi na Ƙasa ya ƙayyade malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ke kuwa rajistarki 84 ta nuna. Dishewar murya a irin wannan aji ba gazawarki ba ce. Duk da haka ba mu ga ki nemi canji yanzu ba, don yawancin makarantun karkara haka za ki tarar da aji ɗaya nasu, kuma abin da ke korar yaran nan ana iya gyara mafi yawansa cikin zango guda. A yanzu bakinki ne kaɗai ke aiki a ajin, yara suna amshi, hannuwansu babu komai. Ɗan shekara shida ba ya jure zama haka fiye da minti goma zuwa sha biyar. In an wuce nan sai tsokana, ko gyangyaɗi, ko tunanin gida.

Ki fara da sanin su wa ke gabanki. Shekara shida ce ta shiga aji ɗaya, kuma katin rigakafi ko takardar haihuwa sun fi gwajin nan na ɗora hannu ta saman kai a taɓa kunne, wanda kintace ne kawai. 'Yan shekara uku da huɗu kada ki kore su, domin in kin kori ƙani, yayarsa ce za ta zauna a gida raino. Ki roƙi hedimasta a ware musu gefen aji ko inuwar bishiya da tabarma, da yumɓu da gwangwanaye, a sami wata dattijuwa daga ƙungiyar iyaye mata ta riƙa zama da su. Sauran kuma ki gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ki rubuta haruffa goma a warwatse a kan kwali, da gaɓoɓi biyar, da kalmomi biyar. Kowane yaro minti biyu ya ishe shi, yara goma a rana, kafin kwana bakwai na makaranta kin gama. Ki rubuta a gaban sunan kowa matakin da yake: bai san harafi ba, ya san haruffa, yana haɗa gaɓa, yana karanta kalma. Wannan ita ce dabarar koyar da yaro daga inda ya tsaya, wadda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, ana kuma amfani da ita da Hausa a wasu jihohin Arewa. Ki adana takardar nan, za ta yi miki rana a gaba.

Waƙar A B C D ki ajiye ta tukuna. Sunayen haruffa ne na Turanci, kuma yaron da ya haddace "bi" da "e" ba zai haɗa su ya fitar da "ba" ba. Hausa kuwa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, shi ya sa yaro ke saurin kama karatu da ita in sautin harafi aka koya masa. Kada ki bi jerin haruffa daga farko. Ki ɗauki a, n, k, m, biyu a mako, ƙananan haruffa kafin manya. Da waɗannan huɗu kaɗai yaro zai haɗa na, ka, ma, ya karanta nama, kaka, mama, kama, mana, naka, har ya karanta "Kaka na nan". Ranar da yaro ya karanta jimla da kansa a mako na uku, ya san abin da yake zuwa yi makaranta. Daga nan ki ƙara i, s, u, r, t da sauransu. Ki raba b da d da aƙalla mako uku, don su ne suka fi rikita yara. Masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sai 'yan'uwansu sun zauna, kuma ki koyar da su da kalmomi bibbiyu da yaro zai ji bambancinsu da kunnensa: bari da ɓari, daka da ɗaka, kafa da ƙafa. Su kuma sh da ts ki nuna kowannensu a matsayin sauti guda, ko da yake da haruffa biyu ake rubuta shi.

Darasin rabin awa ki yanka shi gida huɗu. Minti biyar na kunne ne: ki riƙa kiran kalmomi da sunayen 'yan ajin, su tafa in sun ji mai farawa da sautin ranar. Minti biyar ki rubuta harafin babba a allo kina faɗin inda hannu ke farawa da inda yake tsayawa. Minti goma su rubuta da kansu, a iska, a bayan abokin zama da yatsa, a kan yashi, sannan a littafi. Minti goman ƙarshe na haɗa gaɓa ne da katuna. Katunan kwalin taliya ko na sabulu ne, a yanka kamar faɗin tafin hannu, harafi ɗaya a kowane kati, kowace ƙungiya da nata jerin a cikin leda. Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne amshi. Aji ya ɗauka gaba ɗaya, malami ya ɗauka an iya, alhali yara biyar ne ke ja, saura suna bin bakinsu. Saboda haka ki riƙa nuna haruffa ba bisa jeri ba, ki riƙa sauya musu wuri a allo kowace rana don kada a haddace gurbinsu, kuma a kowane darasi ki kira yara shida zuwa takwas su amsa su kaɗai, kina fara wa da na baya da 'yan mata masu noƙewa.

Za ki ga wasu suna fara rubutu daga dama, ko suna buɗe littafi ta baya. Ba daƙiƙanci ba ne, hannunsu ya saba da allo ne. Ki ɗiga musu alama a saman shafi ta hagu, ki ce daga nan boko ke tashi, cikin mako biyu zai wuce. Bahago kuma ki bar shi ya yi rubutu da hannun da ya fi masa, ki zaunar da shi a gefen hagu na tabarma don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta abokinsa. Fensir ki raba shi biyu, littafi mai warƙa ashirin ma a yanka shi biyu, kuma a tashi ki karɓe su a gwangwanin kowace ƙungiya, in ba haka ba gobe rabi za su dawo babu. Fiƙe fensir aikinki ne, reza ba ta shiga hannun yaro.

Allon da ya koɗe gyaransa ba wuya, kayan tawadar makarantar allo ne. A daka gawayi a tankaɗe, gwangwanin madara biyu, a jiƙa ƙaro rabin gwangwani ya kwana, a tace, a dama su har su yi kaurin kunu. A wanke allon ya bushe, a shafa da tsumma sau biyu, ranar Juma'a bayan an tashi don ya sha iska kafin Litinin. In ƙaro ya yi yawa allon zai yi sheƙi alli ya riƙa zamewa, in ya yi kaɗan zai riƙa baƙanta hannu. Baƙin garin cikin tsohon batir da wasu ke amfani da shi ki guje shi, akwai guba a ciki.

Lissafi ma sai da abin taɓawa. Kowane yaro ya sami abin ƙirga goma nasa: murfin kwalbar lemo da aka wanke da sabulu, ko guntayen kara masu tsawon yatsa. Yara 60 na bukatar 600, kuma masu shago da masu shayi za su tara miki in kin yi magana. Wake da masara da 'ya'yan tsamiya ki bar su, don ƙananan nan suna cusa su a hanci da kunne. Yaro ya ƙirga yana taɓa kowane ɗaya, sannan ki ce "ba ni bakwai", sannan ya raba bakwan gida biyu ta hanyoyi daban-daban, uku da huɗu, biyar da biyu. Wannan rabon shi ne tushen tarawa da ɗebewa, kuma ya cancanci makonni, kada ki yi gaggawar kai su ɗari. In an wuce goma sai ki kawo tsinken tsintsiya ana ɗaure goma-goma da zare: 23 dami biyu ne da tsinke uku. Ɗan manomi ya san dami, kuma yaron da ya ɗaure da hannunsa da wuya ya rubuta 32 a maimakon 23.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai kin raba ajin. Yara takwas a tabarma ɗaya ko buhunan da aka ɗinke, kowace ƙungiya da sunanta da shugabanta, ana sauya shugaban duk mako, mace da namiji. Lokacin karatu ki zaunar da su bisa matakin da gwaji ya nuna, ki fi daɗewa wurin waɗanda ba su san harafi ba. Ki bar hanya a tsakiya yadda za ki kai bangon baya ba tare da tsallake kowa ba. In hedimasta ya yarda, 'yan aji biyar ko shida da suka iya karatu su shigo sau biyu a mako na minti ashirin, ɗaya a kowace tabarma. Kwafi ukun nan naki kuwa su riƙa zagaya ƙungiyoyi, kada su zauna a ofis.

Yanzu maganar tara. Yaro ba ya tafiya gida haka kawai. Ko dai bai karya ba, ko ƙishirwa, ko kama ruwa ya matsa shi babu makewayi mai kyau, ko kuwa babu abin da zai dawo ya tarar. Na farko ya fi yawa: da yawa daga makarantar allo ta asuba suke wucewa, kafin a sauke koko a gida. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 bai kai ko'ina ba, kuma yana yankewa, don haka kada ki dogara da shi. Ki roƙi iyaye mata su riƙa ƙulla wa yaro abin da ke akwai, ɗumame a roba, dafaffen dankali ko rogo, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, a ci tare a inuwa kina zaune da su. Masu sayar da abinci su shigo harabar makaranta maimakon yara su fita nemansu, abincin a rufe.

Ruwa kuma yara 60 za su sha kamar lita 30 kafin a tashi, wato jarka biyu ko randa mai murfi da aka cika da safe. Kada a tsoma moɗar da aka kai baki a cikin randa. A ware moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kawai, kowa ya zo da kofinsa ko gorarsa, in ba haka ba mura da gudawa za su zagaye ajin. Wurin wanke hannu galan ɗaya ya isa: a huda shi kusa da wuya da ƙusa mai zafi, a rataye a sanda tsakanin gwafa biyu, a ɗaura igiya daga bakinsa zuwa wani itace a ƙasa wanda yaro zai taka galan ya karkata. A rataye sabulu da zare, in babu a ajiye toka, a zuba tsakuwa a ƙasa don kada wurin ya yi caɓi. Makewayi ki duba shi da idonki. In ramin ya yi faɗi ko ƙofa babu, ƙananan yara, musamman mata, gida za su tafi, kuma wannan magana ce ta kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta.

Abu na huɗu, wato abin da yaro zai dawo ya tarar, shi ne wanda ke hannunki gaba ɗaya. Karatu da lissafi su zo kafin tara, lokacin da kai yake sabo, abin da yara suka fi so kuma ya koma bayan tara. Minti biyar kafin a kaɗa ƙararrawa ki ce "ga ta nan ga ta nanku", ki ja tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har inda ta yi daɗi, ki tsaya, ki ce sai an dawo. In an dawo ki sake kiran suna, a ƙarasa, sannan ki tambaye su wa ya yi me, me ya biyo baya, me za su yi in su ne. Ƙungiyar da ta dawo a cike ita za ta fara zaɓen wasa. Bayan tatsuniya sai aikin hannu da na jiki. A zana haruffa manya a ƙasa, ki kira sauti yaro ya yi tsalle da ƙafa ɗaya kamar ɗan langa ya dira a kansa. 'Yan mata su yi tafin gaɗa suna raba sunayensu gaɓa-gaɓa. Carafke ƙirga ne tun asali, sai dai a riƙa faɗin adadin da ƙarfi. Kacici-kacici irin "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" yana sa yaron da bai taɓa buɗe baki a aji ba ya ɗaga hannu. A mulmula haruffa da yumɓu a shanya, a ƙera mota da kara. Kowace ƙungiya ta shuka wake a buhu ko tsohon bokiti, zai tsiro cikin kwana uku zuwa biyar, su riƙa auna tsawonsa da kara duk Litinin. Da bazara wasan guje-guje ya koma farkon safiya, bayan tara a zauna a inuwa. Da hunturu kuma a fara darasin farko a hantsi in ajin babu tagogi.

Bulala tana kawo shiru na minti biyar, sannan ta koya wa yaro cewa wanda bai amsa ba ya fi tsira, kuma yaron da ke tsoron kuskure ba ya gwada haɗa gaɓa. Ki ajiye ta a gida. Ki sa alamar shiru guda ɗaya: ki tafa sau uku su mayar, hannu a kan gwiwa, ido a kanki. Ki maimaita ta sau da yawa a makon farko har ta zama jiki, kuma kada ki fara magana sai an yi tsit, muryarki ma za ta huta. Dokokin aji kada su wuce uku. Mai yawan tsokana ki matso da shi kusa da ke ki ba shi aiki, rabon katuna ko goge allo. Tsallen kwaɗo da durƙuso a rana ba na ɗan shekara shida ba ne. Kafin ki yanke cewa yaro taurin kai gare shi, ki tsaya ta bayansa ki kira sunansa a hankali, ki kuma nuna masa harafi daga bangon baya. Wanda ba ya ji sosai, ko kunnensa na ruwa, ko yake runtse ido, ya dawo gaba, a gaya wa iyayensa su kai shi asibiti. Mai zazzaɓi da ƙuraje ko jan ido ya zauna gida har ya warke.

Uban nan da ya kai ƙara yana da hujja ta wani gefen: ya turo ɗansa zango guda bai ga komai ba. Gardama ba za ta gamsar da shi ba, sai shaida. Duk Alhamis ki ba kowane yaro 'yar takarda mai kalmomi uku da ya iya, ya je ya karanta a gida. Ki yi wa iyaye bayani da abin da suka sani: yadda ake fara wa da babbaƙu sannan farfaru a makarantar allo, haka ake haɗa baƙi da wasali a boko. Ke mace ce, kina iya shiga gidajen da malami namiji zai tsaya a zaure. Gida biyu ko uku a mako bayan la'asar, kina farawa da na waɗanda suka fi fashi, ya fi wasiƙa goma. Ki tambayi uwa abin da ke hana yaron zuwa kafin ki kawo naki bayani. Bayan mako shida ki nemi hedimasta ya gayyaci kwamitin SBMC da mai unguwa da liman, su zauna rabin awa su ga yara suna karanta kalmomin da baƙin da kansu suka zaɓa. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta sa karatun firamare kyauta ne kuma dole, saboda haka kada ki ɗora wa kowa kuɗin tabarma ko fensir da bakinki, duk gudummawa ta bi ta kwamitin, bisa son rai.

Ranar kasuwa ba za ki ci nasara a kanta ba, ki zauna da ita lafiya. Kada ki koyar da sabon harafi ranar, a yi bita da wasan kanti da kuɗin takarda na naira 10, 20, 50 da 100. Washegari waɗanda suka je talla su faɗa wa aji me suka sayar, nawa suka ba da canji, ki mayar da shi lissafin ranar. Da kaka, lokacin roron wake da cirar gyaɗa, kwamiti na iya daidaitawa da iyaye cewa yara su zo har zuwa tara sannan su tafi gona, tunda darussa masu nauyi suna kafin nan. Wannan sai da yardar hedimasta da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ba shawarar da za ki yanke ke kaɗai ba ce.

Kada ki ɗauki duka a mako ɗaya. Makon farko gwaji da ƙungiyoyi da alamar shiru, na biyu katuna da tatsuniyar tara, ruwa da ziyarar gidaje su biyo baya. A ƙarshen zango ki sake gwajin nan da sabon kwali, ki ajiye sakamakon biyu kusa da juna tare da adadin masu dawowa bayan tara. Ki rubuta wa sakataren ilimi takarda ta hannun hedimasta, ki haɗa da waɗannan alƙaluma, ki nemi a raba ajin biyu ko a ƙara malami. In bayan haka har yanzu kina son canji saboda lafiyarki ko nisan gida, ki nema ta hanyar da aka tsara, ki bar wa wanda zai karɓi ajin takardar matakan yaran da ledojin katunan.